Baƙonmu Na Kowace Lahadi

Shekara goma sha huɗu ke nan ina riƙe da aikin magatakardan majami'armu da ke bayan layin dogo a nan Kafanchan, kuma in gaskiya ake so, tun a shekara ta biyar na gaji. Sunana Rufus. Koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, sai aka ce ai mai iya rubutu ba ya zama haka kawai, aka danƙa mini littafin sanarwa. Duk lokacin zaɓe sai na roƙa a nemi wani, su kuwa su ce, "Haba Malam, ai sai kai." Ba ƙaunata ce ta yi musu yawa ba, babu mai son aikin ne kawai.

Kowace Lahadi, bayan mawaƙa sun zauna, kafin wa'azi, nakan hau in karanta wa ya haihu, wa ke kwance a asibiti, akuyar wa ta sake cinye masarar gidan fasto. In na gama sai in ce, "In akwai baƙi a cikinmu, su tashi tsaye mu san su." Haka muka tarar ana yi. Baƙo ya faɗi sunansa da ikilisiyar da ya fito, ya ce ya kawo gaisuwa. Jama'a su ce, "Muna amsawa." Ni kuma in ce, "In ka koma, ka gaishe su." Daga nan matan zumunta su ɗauki tulu da kacau-kacau su rera masa waƙar maraba, na kusa da shi su miƙa masa hannu.

To, shekara shida cur, ban taɓa yin wannan kira ba tare da Baba Meshak ya tashi ba.

Dogon tsoho ne, siriri, da kwat ɗinsa ruwan ƙasa da ba ya rabuwa da ita ko a zafin watan Maris. Benci na uku daga baya yake zama, gefen taga. Da na buɗe baki sai ka ga ya dafa bencin gaba ya miƙe a hankali, hularsa a hannu, ya ce, "Sunana Meshak, dattijon ikilisiya ta Ungwan Maizuma. Na kawo muku gaisuwa daga 'yan'uwa." Kalma ɗaya ba ya ƙarawa, ɗaya ba ya ragewa. A ce masa muna amsawa, in ce masa in ya koma ya gaishe su, ya ce, "Za su ji." Ya tsaya ƙyam har a gama waƙa, sannan ya zauna.

Matsalar ita ce, babu Ungwan Maizuma. Wato akwai wurin, amma babu kowa a ciki.

Ƙauye ne can bayan Zangon Kataf, inda mota ba ta shiga da damina. A can aka haife shi, ubansa mai ɗaura amya ne a itatuwan ɗorawa. Bai wuce aji uku ba, amma yana karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, yatsa a kan layi, ba ya tsallake ko sunayen zuriya da mu masu boko muke gudu. Noman citta ya tashi da shi. Shi da wasu maza bakwai suka buga tubalin majami'arsu, matansu na ɗebo ruwa daga rafi. Fasto ba ya daɗewa a ƙauyen, duk wanda aka turo sai matarsa ta fara ciwon da ba ya warkewa sai a gari. Saboda haka shekara talatin da wani abu Meshak ne mai buɗe ƙofa, shi ne mai buga ƙararrawa, shi ne mai sulhunta miji da mata, shi ne mai addu'a a bakin kabari.

Sai 'yan bindiga suka shigo ana gab da haƙar citta. Ba zan ba da labarin ranar ba. Kowa a ƙasar nan yana da irinsa, na gaji da jinsu balle faɗarsu. Matarsa Lai'atu tana cikin mutum goma sha tara da aka binne a rami ɗaya. Sauran suka watse, wasu Gidan Waya, wasu Jere, wasu inda Allah ya jefa su. Shi kuma ya iso wurin 'yarsa Emilia, mai ɗinki a bayan kasuwa, da rigar jikinsa da rabin buhun irin citta da ya koma ya tono a gonarsa bayan ƙura ta lafa.

Emilia ta sa kafinta ya haɗa masa gado, ya ƙi hawa, ya ce baƙo tabarma ta ishe shi. Ta ba shi akwati, ya bar kayansa a jakar buhu a bayan ƙofa. Ya samu wani ɗan fili a gefen layin dogo, tun da jirgin ya daina damun kowa, duk watan Afrilu ya shuka cittarsa ya lulluɓe ta da ganye. In ya haƙa a Disamba ba ya sayarwa, ba ya bari a jefa ko ƙwara ɗaya a kunu. Ya binne ta a inuwa sai wata shekara. Ko a shekarar da ruɓa ta cinye cittar mutane, manya-manyan manoma suna kuka da hawaye, shi ya tsira da kwando guda. Ya ce iri ne, da shi za a fara in an koma.

A shekarar farko, in ya tashi, mata har share hawaye suke yi. A ta biyu aka saba. Daga ta uku abin ya fara zama abin dariya. 'Yan mata su riƙa zungurin juna tun ban rufe baki ba. Akwai Lahadin da wani baƙo na gaske, ɗalibi daga Gidan Waya, ya ga kowa na murmushi, ya ɗauka wandonsa ne ya yage, ya zauna da sauri bai ko faɗi sunansa ba. Mama Tamar, shugabar zumuntar mata, ta taɓa tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, hannuna ya yi kanta a kan tulun nan saboda mutum ɗaya. Ko Fir'auna ai ya saki mutane a ƙarshe."

Ni ma abin ya ishe ni, ba zan ɓoye ba. Sujadar Hausa takan fara ƙarfe goma, ba a tashi sai ɗaya ta wuce, ga gwiwoyina sun daina shiri da tsayuwa. Minti biyar na waƙar maraba a cikin zafin kwano ba ƙaramin abu ba ne. Har na kai in na ce, "In ka koma, ka gaishe su," idona yana kan takarda ta gaba. Wani lokaci ma sai in ji kunya. Yaya za ka dubi tsoho ka ce ya gaishe da kango?

Bara aka turo mana sabon fasto, Rabaran Gilbert. Yaro ne in an gwada shi da mu, bai kai arba'in ba, mai zuciya mai kyau, irin wadda ba ta bari mutum ya zauna wuri ɗaya. Lahadinsa ta huɗu ya kira ni ofis bayan sujada.

"Baba Sakatare, tsohon nan da ke tashi kullum, yaushe ya zo garin nan?"

Na ce, "Shekara shida, Rabaran."

Ya ajiye biro. "Shekara shida? Mutum yana cin jibin Ubangiji tare da mu shekara shida, muna kiransa baƙo? Kai! Wannan abin kunya ne a gare mu. Me ya hana a ba shi katin memba?"

Na yi masa bayani. A ƙa'idarmu, wanda ya taso daga wata ikilisiya sai ya kawo takardar sallama da sa hannun fastonsa ko dattawansa, sannan a rubuta shi a cikinmu. Majami'ar Baba Meshak ta ƙone, babu fasto, babu hatimi, dattijon da ya rage shi ne shi kansa. Wa zai sallame shi?

Rabaran ya ce, "Takarda ce za ta hana mu ƙaunar ɗan'uwa? Mu yafe ta."

Aka kai maganar gaban dattawa, kowa ya ce madalla. Wani ya ce kada a gaya masa, a bari ya gani a gaban jama'a don ya ji daɗi. Mu goma sha biyu ne a ɗakin nan, da furfurarmu da komai, babu wanda ya ce a je a tambayi mai abin. Ni na rubuta katin, da rubutuna mafi kyau. Kuma ina rubutawa ina lissafin minti biyar ɗin da zan huta.

Ranar Lahadi na yi kira, ya tashi, ya faɗi maganarsa. Jama'a suka ce muna amsawa. Kafin in ce komai Rabaran ya sauko daga bagadi, ya taka har benci na uku daga baya, ya rungume shi. Ya ɗaga murya ya ce, "Baba, daga yau kai ba baƙo ba ne. Nan ne gidanka, mu ne ikilisiyarka. Ba za ka sake tashi a cikin baƙi ba." Majami'a ta kaure da tafi, mata suka rangaɗa guɗa, Mama Tamar ta buga tulun nan kamar za ta fasa shi.

Baba Meshak ya sa hannu biyu ya karɓi katin, ya ɗan rusuna, ya ce, "Na gode, Baba Rabaran." Sannan ya juyo ya dube ni, bai zauna ba. Ya jima yana kallona. Na ɗauka godiya ce, na gyaɗa masa kai, na ci gaba da sanarwar taron matasa.

Lahadi ta gaba ya zo, na yi kira, bai motsa ba. Ta bayanta ma haka, hularsa a kan gwiwa, idonsa a taga. Muka tashi da wuri, na isa gida tuwo bai huce ba, na ce wa matata ashe haka duniya take da daɗi. Lahadi ta uku wurinsa babu kowa.

Ranar Talata da rana Emilia ta same ni a gida ina gyaran kejin kaji. Ta gaishe ni a tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, me kuka yi wa Baba?"

Na ce, "Mu? Alheri muka yi masa, ai kina wurin."

Ta ce, "To alherinku ya kwantar da shi. Ba ya cin abinci. Ya juye kayansa daga jaka ya zuba a akwati, ya hau gado. Shekara shida ina roƙonsa ya hau gadon nan, yanzu da ya hau ji nake kamar in ƙone shi. Jiya kuma ya tono irin cittarsa ya zube mini a ƙofar kicin, wai in riƙa sa wa a shayi. Ga ruwa ya sauka, kowa na shuka."

Na wanke hannu na bi ta.

Na same shi kwance, fuskarsa na kallon bango. Ya tashi zaune da ƙyar, muka gaisa, na tambayi jiki, ya ce jiki lafiya. Katin yana kan taga, an ɗora masa dutse don kada iska ta ɗauke. Na yi ta kewaye-kewaye, zancen ruwa, zancen taki, har na gaji na ce, "Baba, ko mun yi maka laifi ne?"

Ya ce, "A'a, Malam. Ku mutanen kirki ne."

"To me ya hana ka zuwa sujada?"

Ya dubi katin da ke kan taga. Can ya ce, "Malam, duk Lahadi kana aikena. Ka sani?"

Na ce, "Aike kuma?"

"Kana cewa in na koma in gaishe su. To ni ban iya riƙe saƙo ba. Ranar Litinin Emilia tana ba ni waya. Gida goma sha ɗaya ne. In kira na Gidan Waya, in kira na Jere, in kira Asibi da ke wankin kwano a Abuja. In ce musu ikilisiyar Kafanchan tana gaishe da ikilisiyar Ungwan Maizuma. Su ce suna amsawa, su ce in na je in mayar da gaisuwa. Sai in tambayi wa ke ciwo, wa ya haihu, in yi musu addu'a. Ranar Lahadi in kawo muku. Ba ƙarya nake yi a ɗakin Allah ba, Malam. Gaisuwar da nake kawowa, ba ni aka yi."

Shekara shida ina jefa maganar nan kamar ɓawon gyaɗa, ashe akwai mai tsincewa yana rabawa gida goma sha ɗaya.

Ya ci gaba, ba faɗa, ba ɗaga murya. "Yanzu an rubuta ni a nan. Dattijo ɗaya ya rage musu, shi ma ya ƙaura. To an rufe ikilisiyarmu ke nan. Wuta ba ta rufe ta ba, ku kun rufe da kyau, da waƙa. In na kira su in ce musu wane ne ni? Wa ya aiko ni?"

Emilia ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Asibi ta kira ni sau biyu. Tana tambaya ko sun yi wa mutanen Kafanchan wani laifi ne da aka daina gaishe su."

Na ce, "Baba, ka zo ranar Lahadi ka tashi kamar yadda ka saba. Babu mai hana ka."

Ya girgiza kai. "Bawan Allah ya yi magana a gaban jama'a. Ni ban taɓa tsallake maganar fasto ba."

Daga nan gidan Rabaran na wuce, gwiwa na ciwo, ga hadari ya haɗo. Na zayyana masa komai. Ya riƙe kai da hannu biyu, ya ce, "Wayyo, ni da na ɗauka buɗe masa ƙofa na yi." Na ce ai da ni aka yi, kuma shi ko ba komai don ƙauna ya yi, ni don gwiwata na yi. Sai kuma aka shiga abin da muka fi iyawa, wato taro. Dattawa suka zauna ranar Alhamis awa uku. Wani ya ce ba a taɓa cire mutum daga littafi ba sai in ya yi zunubi ko ya mutu. Wani ya ce a kafa kwamiti. Wani ya yi barci. Aka tashi ba a yanke komai ba, Rabaran ya dube ni ya ce, "Baba Sakatare, lokacin sanarwa naka ne. Ka yi abin da ka ga ya dace, ni zan sunkuyar da kai."

Emilia ta kawo shi ranar Lahadi a bayan mashin, kwat ɗin ta yi masa yawa. Na karanta sanarwa, na zo kan baƙi, na yi kira. Babu wanda ya tashi. Na ga Mama Tamar ta fara tura tulunta ƙarƙashin benci. Na tsaya ban juya takarda ba, har mutane suka fara ɗago kai.

Na ce, "Akwai dattijon ikilisiyar Ungwan Maizuma a cikinmu. Baba Meshak, sati huɗu ba mu ji daga wurinsu ba. Yaya ka baro su?"

Bai motsa ba. Rabaran yake kallo. Rabaran kuwa ya miƙe daga kujerarsa ya ce, "Baba, ni na yi kuskure, ka gafarce ni. Muna jiran gaisuwarmu."

Ya dafa bencin gaba. Sau biyu yana yunƙurawa kafin ya miƙe. Ya ce, "Sunana Meshak, dattijon ikilisiya ta Ungwan Maizuma." Ya tsaya, ya juya hularsa a hannu. "Yau ban kawo gaisuwa ba. Ban je ba."

Babu abin da za a amsa, ba mu da kalmar da ake faɗa a irin wannan wuri. Sai na rufe littafin, na dube shi sosai, karo na farko cikin shekaru, na ce, "To Baba, in ka koma, ka gaishe su. Ka ce musu ba su yi mana laifin komai ba."

Ya ce, "Za su ji."

Mama Tamar ta jawo tulunta. Ban san me ya shiga matan nan ba, baiti huɗu suka yi maimakon biyu, muka tashi ɗaya da rabi, tuwona ya sandare.

Bayan sujada ina tattara takardu a teburina na bakin ƙofa, sai ga shi tsaye a kaina. Ya zaro katin daga aljihun kwat, ya miƙo mini da hannu biyu yadda ya karɓa. Na ce masa ko in yaga ne. Ya ce a'a, kada in yaga, abu ne mai kyau, rubutun ma ya yi kyau.

"Ka ajiye mini, Malam. Ranar da na gaji, zan zo in karɓa."

A makon ya shuka abin da ya rage na cittar, ya makara, amma ta fito. Emilia ta ce ya koma tabarma. 'Yan mata sun koma zungurin juna, Mama Tamar ta koma ƙorafin hannu, gwiwata kuma sai abin da ya ƙaru. Babu wanda ya koma Ungwan Maizuma, an ce ciyawa ta fi tsayin bangon majami'ar. Gidajen ma sun zama goma, na Jere ɗaya ya bi 'ya'yansa Legas ya canza lamba.

Da zaɓe ya zo a watan Janairu, ban roƙa a nemi wani ba, har matata ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Katin yana cikin littafin sanarwa, a shafin ƙarshe. Duk Lahadi in an tashi, nakan zauna a teburin nan ina jera takardun da ba su bukatar jerawa, ina satar kallonsa yana tahowa a cikin mutane a hankali. Ba na iya numfashi sosai sai na ga ya wuce ni ya fita.